Babi na Shida: Aikatau Mai 'Yar Rakiya

Yaron da ya gama firamare ya san ma'anar *give*, ya kuma san ma'anar *up*. Amma ka ce masa *don't give up*, sai ya tsaya yana lissafi: ga bayarwa, ga sama, to me ya haɗa su? Duk iya lissafinsa ba zai kai shi ga "kada ka karaya" ba. Haka *put off* ba ajiyewa ba ce, ɗage abu ne zuwa wani lokaci. *Look after* ba duban baya ba ne, kula da mutum ne. *Turn down* kuwa yana iya zama rage ƙarar rediyo, yana iya zama ƙin karɓar tayi. Irin waɗannan su ne Turawa ke kira *phrasal verbs*, wato aikatau da ke tafe da wata 'yar ƙaramar kalma a bayansa, su biyun su haɗu su ba da ma'ana guda. A wannan babi zan riƙa kiran ƙaramar kalmar 'yar rakiya, shi kuma aikatau mai 'yar rakiya.

Abin da aka saba yi a makarantunmu shi ne a rubuta su a allo, jeri guda mai tsawo, a ce wa yara su haddace kafin jarrabawa. Su haddace, su rubuta, su manta. Daga nan sai mutum ya girma da tunanin cewa wannan fanni na Turanci ba shi da kai ba shi da gindi, sai dai wanda aka haifa a cikinsa. Ni ban yarda da haka ba. Waɗannan aikatau suna da tsari, tsarin kuma bai da yawa. Abin da ya fi wannan muhimmanci, Bahaushe ya riga ya san irin tsarin tun daga harshen da ya tashi da shi, sai dai ba a taɓa nuna masa ba.

Wahalar ba ta yau ba ce

Tun a 1755, lokacin da Samuel Johnson ya fitar da shahararren ƙamusunsa na Turanci a Landan, ya yi maganar wannan matsala a gabatarwar littafin. Ya lura cewa Turanci na yawan jingina ƙaramar kalma a bayan aikatau ta sauya masa ma'ana, kuma nan ne baƙin harshen suka fi shan wahala. Sunan *phrasal verb* kuwa ya bazu ne ta hannun marubuci Logan Pearsall Smith a littafinsa na 1925, shi ma ya ce daga bakin Henry Bradley ya samo shi, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamusun Oxford. A 1971 masanin harshe Dwight Bolinger ya rubuta littafi sukutum a kansu.

Dalilin da ya sa suka yi yawa yana cikin tarihin Ingila. Asalin Turanci ɗan'uwan Jamusanci ne, kuma ƙananan aikatau irin su *give*, *come*, *go*, *bring* da *set* daga wannan tushe suke. A tsohon Turanci ƙaramar kalmar takan zo ne a gaban aikatau ta manne da shi, har yanzu ana ganin ragowar haka a *understand*, *overcome* da *withstand*. Da tafiya ta yi tafiya sai ta koma baya ta tsaya da ƙafarta. A 1066 kuma Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ƙarnuka, Latin kuma na coci da malamai. Sakamakon haka Turanci ya tashi da kalmomi bibbiyu ga abubuwa da yawa: ta gida da ta aro. Mutumin kan titi zai ce *put off*, takardar ofis ta ce *postpone*. Shi zai ce *find out*, ita ta ce *discover*. Haka *look into* da *investigate*, *put up with* da *tolerate*, *set up* da *establish*, *put out* da *extinguish*. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin mu ma muna da kalmomin da muka gada da waɗanda suka shigo daga Larabci ta hanyar karatu da shari'a, kowace da wurin da ta fi dacewa.

Masu koyo sukan gudu daga na gidan su fake a na aron. Wani bincike da Dagut da Laufer suka yi a 1985 a kan ɗalibai masu jin Ibrananci ya nuna cewa in an ba su zaɓi, kalma guda doguwa suke ɗauka su bar mai 'yar rakiya. Mu ma haka muke yi, har abin ya zama ado: wanda ya ce *extinguish the fire* ana ganin ya fi wanda ya ce *put out the fire* ilimi. Alhali kuwa a bakin mai harshen, na biyun ne maganar yau da kullum.

Ga wani labari mai sanyaya zuciya. A 2007 masu bincike biyu, Dee Gardner da Mark Davies, suka tace wani rumbun Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100, rubutacce da na baka. Sun tarar da irin waɗannan aikatau sama da sau rabin miliyan. Amma guda 25 kacal su ne suka ɗauke kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi, guda 100 kuma suka ɗauke fiye da rabi. Aikatau 20 da 'yan rakiya 8 ne ke yin mafi yawan aikin. 'Yan rakiyar su ne *out*, *up*, *on*, *back*, *down*, *in*, *off* da *over*. Ke nan ba dubbai ake nema ka sani ba kafin ka fara magana. Kaɗan ne ke ta juyawa.

Abin da Hausa ke yi da ƙarshen aikatau

Dubi waɗannan: saya, sayo, saye, sayar. Tushe ɗaya ne, amma kowanne da inda ya nufa. Ya sayi hatsi, magana ce kawai. Ya sayo hatsi, ya taho da shi nan. Ya saye hatsin, bai bar ko tiya ba. Ya sayar da hatsin, ya fita daga hannunsa. Masanin Hausa F. W. Parsons na Jami'ar Landan shi ne ya tsara wannan a 1960 ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, abin da ɗaliban Hausa ke karantawa da sunan giredin aikatau. Ba sai ka taɓa jin sunan Parsons ba, tun kana yaro kake aiki da tsarin ba tare da kuskure ba.

To, aikin da Hausa ke yi da wasalin ƙarshe, shi Turanci ke yi da 'yar rakiya. Mu mukan ce ci mu ce cinye, su su ce *eat* su ce *eat up*. Sha da shanye, *drink* da *drink up*. Saya da saye, *buy* da *buy up*. Rijiya ta ƙafe, *the well dried up*. Wannan *up* ɗin ba sama yake nufi ba, ƙarasa aiki yake nufi, daidai da abin da Bahaushe ke ji in an ce masa "cinye". Haka zuba da zubar, jefa da jefar: *throw* da *throw away*. Ɗauka da ɗauke: *take* da *take away*. Ga kuma shiga da shigo, fita da fito, inda Turanci zai ce *go in* da *come in*, *go out* da *come out*.

Har ma'anar da ke kauce wa kalmomin, muna da ita fal. Wane baƙo ne zai san ci kawai ya gane cin amana, cin mutunci, cin bashi, cin jarrabawa da ci gaba? Wa zai san sha ya gane shan iska, shan kashi da shan alwashi? Balarabe ko Bature mai koyon Hausa yana shan irin wahalar da muke sha da *give up*. Mu ba mu taɓa jin nauyinsu ba, domin a dunƙule muka koye su, a cikin magana, ba ɗaiɗai ba. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin a nan shi ne harshenka.

Tsari huɗu

Duk yawansu, ta fuskar ginin jimla gida huɗu suke. Abin da ke raba su shi ne karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, da kuma inda yake zama.

Na farko su ne waɗanda ba su buƙatar karɓau. Aikin yana faruwa, magana ta ƙare. *The car broke down*, mota ta lalace. *The plane took off*, jirgi ya tashi. *She grew up in Zinder*, a Damagaram ta girma. *Wake up*, *sit down*, *come back*, *go on*, duk nan suke. Waɗannan ba su da rigima, tun da babu abin da zai shiga tsakanin aikatau da 'yar rakiyarsa.

Na biyu su ne masu karɓau waɗanda ake iya rabawa, kuma su ne suka fi kayar da mutane. Kana iya cewa *turn off the light*, kana iya cewa *turn the light off*, duka daidai ne, duka kashe fitila ne. Amma da zarar ka cire sunan ka sa wakilin suna, irin su *it*, *him*, *her*, *them*, *me* ko *us*, zaɓi ya ƙare. Dole wakilin sunan ya shiga tsakiya: *turn it off*. Ba a cewa *turn off it*. Haka *pick up the children* zai koma *pick them up*, *fill in the form* ya koma *fill it in*, *call back your sister* ya koma *call her back*. Kada wannan ya ba ka mamaki, domin Hausa ma wakilin suna na sauya mata fasali. Muna cewa ya nemi Audu, amma ya neme shi. Ta tambayi malam, amma ta tambaye shi. Babu Bahaushen da zai ce "ya nemi shi" kunnensa bai gaya masa an yi tuntuɓe ba. Irin wannan kunne ake so ka yi wa Turanci.

Akwai ƙarin ƙa'ida guda a wannan gida. In karɓau ya yi tsawo, a bar shi a ƙarshe. *Turn off the light in the children's room* ya fi daɗin ji a kan a jefa *off* can ƙarshen jimla, inda mai sauraro ya riga ya manta da aikatau ɗin da take wa rakiya.

Na uku su ne masu karɓau waɗanda ba a rabawa ko da wakilin suna ne. *Look after the baby*, *look after her*. *Look for the key*, *look for it*. *I ran into my teacher*, *I ran into him*. *She got over the illness*, *she got over it*. Nan ma muna da makamancinsu: kula da, gamu da, rabu da, ci karo da. Kula da yaron, kula da shi. Ba ka taɓa raba "kula" da "da" ba, to haka *look* da *after* suke.

Wani lokaci kalmomi iri ɗaya kan faɗa gida biyu, ma'ana ce ke bambanta su. *He ran up the hill*, ya haura tudu da gudu, nan *up* hanya take nunawa, saboda haka sai *he ran up it*. *He ran up a big bill*, ya tara wa kansa kuɗin biya mai yawa, nan kuwa *he ran it up*. In kana sauraron mai harshen za ka ji cewa a gida na biyu yakan ɗora nauyin murya a kan 'yar rakiya, musamman in ta zo ƙarshe.

Na huɗu su ne masu 'yan rakiya biyu, kuma ba a raba su. *We ran out of fuel*, mai ya ƙare mana. *I can't put up with this noise*, ba zan iya jure wannan hayaniya ba. *He came up with a plan*, ya fito da dabara. *Don't look down on the poor*, kada ka raina talaka. *She gets on with her neighbours*, tana zaman lafiya da maƙwabtanta. A dunƙule ake ɗaukarsu, karɓau kuma ya biyo bayan ta ƙarshe.

Ƙananan ƙa'idoji masu tsada

Lokaci a jikin aikatau yake, 'yar rakiya ba ta canzawa: *give up*, *gave up*, *has given up*, *is giving up*. In kuma wani aiki zai biyo baya, galibi da *-ing* yake zuwa: *he gave up smoking*, *she kept on talking*, *we ended up walking home*.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ke ɓata dubban takardun neman aiki. Ɗauki saurayin da ya gama digiri, ya zauna a shagon buga takardu a bakin sakatariya, ya tsara wasiƙarsa tsaf, an yi masa gyara sau biyu, ya biya kuɗin bugawa. Layin ƙarshe kafin sa hannu ya ce: *I look forward to hear from you*. A wajensa daidai ne, domin tun aji ɗaya aka koya masa cewa bayan *to* aikatau tsura ke zuwa, kamar *to go* da *to eat*. Amma wannan *to* ɗin ba waccan ba ce. Ɓangare ce ta *look forward to*, kuma suna take nema a bayanta, ko abin da ke tsayawa a madadin suna. Gwajin mai sauƙi ne: kana iya cewa *I look forward to the holiday*? In haka ne, to *hearing* ne zai zauna a wurin, ba *hear* ba. Haruffa uku ne, amma su ne abin da mai ɗaukar aiki zai gani na ƙarshe kafin ya ajiye takardar.

Da yawa daga cikinsu kuma sukan rikiɗe su zama suna. In aikatau ne a rabe ake rubutawa, in suna ne a haɗe ko da ɗan layi a tsakani: *the talks broke down* amma *a breakdown*, *log in* amma *your login*, *check up on him* amma *a check-up*. Ɗaliban jami'a sun san *handout* da *carry-over*, ma'aikata sun san *handover*. Nauyin murya a nan yakan dawo farkon kalma. Wasu ma sai su juya, 'yar rakiya ta shige gaba: cuta ta *break out*, a kira abin *outbreak*, kuɗi su *come in*, a kira su *income*.

Kowace 'yar rakiya da halinta

Wanda ya gane halin 'yan rakiyar nan takwas ya rage wa kansa rabin hadda. Mun ga *up* da ƙarasawa: *use up*, *finish up*, *lock up*. Tana kuma nuna ƙaruwa: *speak up*, ɗaga murya, *top up*, ƙara kuɗi a waya, *prices went up*. *Down* kishiyarta ce, raguwa ko tsayawa: *slow down*, *calm down*, *shut down*, *close down*. Tana kuma nufin sa abu a takarda, *write down*.

*Out* fita ce, daga nan ta miƙe zuwa ɓullowa fili da kuma ƙarewa ƙaf. *Find out* gano abin da ke ɓoye, *point out* nuna shi, *speak out* faɗin gaskiya a bainar jama'a. *Sold out* kaya sun ƙare, *worn out* ya tsufa ko ya gaji liƙis, *the fire went out* wuta ta mutu. *Off* rabuwa ce da yankewa: *take off* tuɓe riga ko tashin jirgi daga ƙasa, *cut off* yanke, *call off* soke taro, *lay off* sallamar ma'aikata, *see off* raka matafiyi. *On* haɗuwa ce da ɗorewa: *put on* sa tufafi, *turn on* kunna, *carry on* ci gaba, *hold on* dakata a kan layi. *Back* komawa ce: *pay back*, *give back*, *call back*. *In* shiga, *over* kuma tsallakawa daga hannu zuwa hannu ko maimaitawa: *hand over*, *take over*, *think it over*.

Ba kowanne ne zai bi wannan layi ba, kuma ɗaya na iya ɗaukar ma'ana uku ko huɗu. *Make up* ƙirƙirar labari ne, sulhu ne bayan faɗa, kwalliya ce. *Pick up* ɗaukar abu ne daga ƙasa, ɗauko mutum a mota, amsa waya, ko tsintar harshe ta hanyar zama da masu shi. Jimlar da ke kewaye ita ke gaya maka wanne ake nufi, kamar yadda ba ka taɓa rikita cin tuwo da cin zaɓe ba.

Ga wani ƙaramin tsari da matafiyi zai buƙata kullum. Abin hawan da ake takawa a shiga a tsaye, ko ake ɗarewa a kai, *get on* da *get off* ne: bas, jirgin ƙasa, jirgin sama, babur, doki. Ƙaramar mota da tasi kuwa, *get in* da *get out of*.

Turancinmu na gida

Turancin Najeriya yana da nasa salon da 'yan rakiya, kuma iri uku ne. Wani lokaci mukan ƙara ta inda ba a buƙata: *cope up with* maimakon *cope with*, *discuss about* maimakon *discuss*, *request for* a matsayin aikatau maimakon *request*, *return back* alhali *return* ya wadatar. Wani lokaci mukan yar da ita: *pick the call* maimakon *pick up*, *fill the form* maimakon *fill in* ko *fill out*. Wani lokaci kuma mukan yar da aikatau ɗin kansa mu bar 'yar rakiya ita kaɗai tana aiki. An kawo wuta, sai ka ji an ƙwala wa yaro kira: *off the gen!* A gida kowa ya gane, injin kuma zai mutu. A takardar WAEC ko NECO kuwa, *switch off* ko *turn off* ake jira.

Akwai kuma waɗanda ma'anarsu ke sauyawa in an tsallaka ruwa. Mai jawabi a nan yakan ce *let me round up* in zai kammala. A Ingila *round up* tattaro dabbobi ne ko kamen waɗanda ake zargi, kammalawa kuwa *round off* ce ko *wrap up*. Dubi kuma budurwar da ta gama hidimar ƙasa, tsarin da aka kafa a 1973. Yayanta ya ɗauki hotonta cikin kakin NYSC, ya tura wa abokin aikinsa Ba'amurke da saƙo: *My sister passed out today*. A nan kowa ya san faretin gama hidima ake nufi, kuma maganar tana da asali, domin haka sojojin Birtaniya ke faɗa in ɗalibi ya gama horo, haka ake faɗa a makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna. Amma abin da zai fara zuwa zuciyar Ba'amurken shi ne ta suma, sai ya hau tambayar ko an kai ta asibiti. Da kuma yatsa ya zame ya rubuta *passed away*, to ta'aziyya za a yi masa. Aikatau ɗaya ne, 'yar rakiya ce ta raba suma da mutuwa.

Wannan ba ya nufin Turancinmu abin kunya ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Turancin Najeriya. Cikinsu akwai *Kannywood*, akwai *put to bed* da ma'anar haihuwa, akwai kuma *flag off*, wato ƙaddamar da aiki, wanda shi ma aikatau ne mai 'yar rakiya. Harshe na masu magana da shi ne. Abin da nake so ga mai karatu shi ne ya san duka biyun, ya san da wa yake magana, ya zaɓa da saninsa. Wanda ya ce *off it* a gida don ya ga dama daban yake da wanda ya rubuta shi a jarrabawa don bai san wani ba.

Yadda za ka mallake su

Ka samu littafin rubutu ka ba kowace 'yar rakiya shafinta: shafin *up*, shafin *out*, shafin *off*, har takwas. Duk wanda ka tsinta a rediyo, a fim, a jarida ko a fuskar wayarka, inda *sign up*, *log out*, *back up* da *hang up* suke jiranka kullum, ka rubuta shi a shafinsa. Kada ka rubuta shi tsura. Rubuta jimlar da ka ji shi a ciki, sannan ka sake rubuta ta da wakilin suna, domin a nan ne za ka san gidansa: *put off the meeting*, *put it off*, *look into the matter*, *look into it*. A gefe ka sa abin da Bahaushe zai faɗa a wannan hali, ba fassarar kalma da kalma ba. In ka duba ƙamusun masu koyo na Oxford ko na Longman za ka ga wata 'yar kibiya mai kai biyu tsakanin karɓau da 'yar rakiya. Alama ce cewa ana iya raba su. Mutane da yawa sun shekara da ƙamusun a hannu ba su san amfaninta ba.

Sannan ka faɗe su da baki. Ƙa'idar *turn it off* ba a kai take zama ba, a kunne da harshe take zama, kuma maimaici ne kaɗai ke kai ta can. Biyar a mako sun isa, in dai ka yi aiki da su a magana.

Ga malamai kuma ina da roƙo. Ku daina fara wannan darasi da jerin hadda. Ku fara da ci da cinye, da saya da saye, da ya nemi Audu da ya neme shi. Ku bar yara su gano da kansu cewa abin da ake tsorata su da shi suna yin irinsa tun kafin su shiga aji. Yaron da ya gane haka ba zai ƙara kallon Turanci a matsayin harshen da ya fi ƙarfinsa ba. Kai kuma mai karatu, kafin ka wuce babi na gaba, ɗauki alƙalami ka buɗe shafin *up*, ka rubuta jimla biyar daga abin da ka yi yau tun daga tashinka.